Yafe Kuɗin Takardun Shaida ga Matan da Suka Tsere wa Cin Zarafi a Gida: Nazari kan Dokar Jihar Texas ta 2021

Tsakure

Wannan maƙala ta duba doka mai lamba 798 da majalisar dattawan jihar Texas ta Amurka ta gabatar, aka zartar a 2021, wadda ta yafe kuɗin takardar haihuwa da katin shaida da lasin tuƙi ga waɗanda aka ci zarafinsu a gida. Binciken ya gano cewa alherin dokar ya fi yawa a sassaucin da ta yi kan hujjojin da ake nema, rauninta kuwa yana inda ta rataya yafewar a kan asusun gudummawa.

Gabatarwa da Bitar Ayyuka

Evan Stark, a littafinsa na 2007, ya nuna cewa cin zarafi a gida ya wuce duka, domin ginshiƙinsa mallake mace ne ta hanyar tauye mata 'yanci. A 2008 Adams da abokan aikinta sun tattauna da mata 103 da suka taɓa shiga wannan hali, suka samu kashi 99 cikin ɗari an zalunce su ta fuskar dukiya. Ɓoye wa mace takardunta ko ƙona su reshe ne na wannan zalunci.

Saɓaninmu yana tare da masu cewa kuɗin bai taka kara ya karya ba. Gaskiya ne takardar haihuwa a Texas dala 22 ce, sake katin da ya ɓata kuma dala 11. Amma mai wannan lissafi yana auna kuɗin ne da aljihunsa. Matar da ta fice da tsakar dare da yara uku, katin banki yana hannun miji, takardar haihuwa huɗu take buƙata, wato dala 88, kafin ta sayi madara. Tun dokar shige da fice ta 1986 kuma, ba a ɗaukar ma'aikaci a Amurka sai ya nuna shaidar ko shi wane ne. Ba kati ba aiki, ba aiki ba kuɗin kati.

Hanyar Bincike

An karanta nassin dokar, aka kwatanta shi da doka mai lamba 123 ta 2019 wadda ta riga ta yi irin wannan rangwame ga yaran riƙo da matasa marasa matsuguni.

Sakamako

Babban abin da aka gano shi ne kuɗi ne ƙaramin shinge. Wanda ya fi shi tsayi shi ne hujja. A ƙa'ida, mai neman katin shaida a Texas zai kawo takardu biyu masu ɗauke da sunansa da adireshinsa, kamar takardar kuɗin wuta ko yarjejeniyar haya. A gidan da miji ya mallake komai, duk waɗannan da sunansa suke. Matar da ke gidan mafaka kuma ba ta da adireshin da za ta bayar, tsohon kuwa shi ne inda mai dukanta yake zaune, kuma ta gidan waya ake aiko da katin. Ko da an yafe mata kowane sisi, ma'aikacin da ke kan teburi zai mayar da ita.

Nan dokar 2021 ta yi abin a yaba. Ta amince a karɓi takardar haihuwa a matsayin shaidar mutum da ta zama ɗan ƙasa, ta kuma amince da wasiƙar mai ba da agaji ko shugaban gidan mafaka ga wadda ba ta da mazauni. Ta sa 'ya'yan matar cikin rangwamen, abin da ke sauƙaƙa sa su makaranta a sabon gari. Ma'aikaciyar mafakar da ta ga tabon jikinta ita ce ta zama shaida, ba sai an jira hukuncin kotu ba. Wannan yana da nauyi, domin mata da yawa ba sa kai ƙara don tsoron ramuwa.

Sai dai kuɗin kati da lasi da ake yafewa ana cike gurbinsa ne daga wani asusu da jama'a ke jefa gudummawa cikinsa yayin sabunta lasinsu, kuma doka ta hana yafewa idan asusun ya bushe. Haƙƙin da ya dogara da sadakar mutane haƙƙi ne mai wa'adi.

Iyakokin Bincike

Nazarin ya tsaya ga nassi, bai bi ofisoshi ya ga yadda ake aiwatarwa ba, kuma jiha ɗaya ce. Wannan bai rage ƙarfin abin da nassin ya faɗa da kansa ba.

Kammalawa

Duk majalisar da za ta yi koyi da Texas ta fara da gyara sharuɗɗan hujja da adireshi, sannan ta sa kuɗin cikin kasafin gwamnati, domin kada wata ta koma gidan da ta gudo saboda an ce mata asusu ya ƙare.