Daga kwandon 'ya'yan itace zuwa azumin Hakeem

Duk wanda ya taɓa shiga zauren wasanni na Ƙofar Mata ya kalli 'yan Kano Pillars suna cilla ƙwallo cikin kwando, ƙila bai san cewa wanda ya ƙirƙiro wasan ya yi makarantar tauhidi ba. James Naismith, ɗan Kanada, ya karanci tauhidi a Montreal kafin ya koma koyar da motsa jiki a makarantar YMCA ta Springfield a Amurka. A watan Disamba 1891 sanyi ya hana ɗalibansa fita, sai ya rataye kwanduna biyu na zuba 'ya'yan itace, ya rubuta dokoki 13. Burinsa shi ne a gina halin saurayi ta hanyar wasa.

Bayan shekaru kusan ɗari, wani ɗan Najeriya ya nuna yadda hakan ke yiwuwa. An haifi Hakeem Olajuwon a Legas a 1963. Iyayensa suna sana'ar siminti, sun kuma tarbiyyantar da shi kan gaskiya, aiki tuƙuru da girmama manya. Da fari mai tsaron gida ne a ƙwallon ƙafa, yana kuma buga ƙwallon hannu. Sai da ya kai wajen shekara 15 ya soma ƙwallon kwando. A 1980 ya tafi Jami'ar Houston, a 1984 kuma ƙungiyar Houston Rockets ta ɗauke shi a matsayi na ɗaya, Michael Jordan na uku.

Kuɗi da suna suka zo, amma natsuwa ba ta biyo su ba. A shekarunsa na farko an san shi da saurin fushi, da faɗa da abokan wasa, da jayayya da alƙalai. Daga baya ya koma ga addininsa na Musulunci da gaske, har a 1991 ya gyara rubutun sunansa daga Akeem zuwa Hakeem. Halinsa ya sauya. A 1994 da 1995 ya ci kofin NBA sau biyu a jere. A Fabrairu 1995, cikin watan Ramadan, yana azumi yana wasa, aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasa na wata. Bai kuma manta da talakawa ba: ya amince a sa sunansa a takalmin Spalding na kimanin dala 35, domin uwa mai 'ya'ya da yawa ta iya saya.

Wani zai ce, Fasto, me ya sa ka kawo mana labarin Musulmi? Domin mu da ke zaune a Kano muna ganin maƙwabtanmu suna azumi cikin zafin rana ba tare da jin kunya ba. Hakeem ya je ƙasar da ba ta san azuminsa ba, bai ɓoye shi ba. Mu fa? Matashinmu nawa ne ke samun gurbi a jami'a ko aiki a Abuja, wata uku kacal ya daina zuwa sujada, ya daina kiran gida?

Ku tuna da Daniyel a fadar Babila: ya ƙudura a ransa ba zai ƙazantar da kansa da abincin sarki ba, tun kafin girma ya zo masa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Baiwa za ta iya kai ka nesa, amma abin da iyaye suka shuka da bangaskiyar da ka riƙe su ne za su tsayar da kai a can.

A wannan mako, ka zaɓi lokacin addu'a guda wanda atisaye ko waya ba za su ƙwace maka ba, ka kuma je ka gaida iyayenka. Ubangiji ya ba mu alherin jimrewa. Amin.