Daga Littafin Ohm Zuwa Layin Wutar Jugu da Paraku

Matafiyin da ya nufi Jugu ko Paraku a arewacin Jamhuriyar Benin zai ga dogayen turakun ƙarfe ɗauke da wayoyin lantarki masu ƙarfin bolt 161,000, alhali wutar da ke shiga gidaje bolt 220 ce kacal. Dalilin wannan tazara yana cikin binciken da masana suka yi kusan shekara ɗari biyu da suka shige.

A shekarar 1800 Alessandro Volta, mutumin Italiya, ya ƙera batir na farko. Wannan ne ya bai wa masana damar samun wuta mai gudana ba yankewa. Daga sunansa aka samo bolt, ma'aunin matsin da ke tura wuta cikin waya. André-Marie Ampère na Faransa kuwa ya yi nazarin gudanar wutar, shi ya sa ake auna yawan gudu da amfiya. A 1827 wani malamin makaranta Bajamushe, Georg Ohm, ya wallafa littafin da ya ɗaure su wuri guda. Ya nuna cewa kowace waya tana da turjiya, kuma idan aka raba matsi da turjiya, gudu ake samu. Ma'aunin turjiya, om, sunansa ne. Da farko masanan ƙasarsa ba su karɓi aikin hannu biyu ba, sai a 1841 aka karrama shi a Ingila.

Na huɗu shi ne ƙarfin aiki, wanda ake aunawa da wat: matsi sau gudu. A ɗauki dutsen guga mai turjiyar om 44. In aka jona shi da bolt 220, zai ja amfiya 5, ƙarfinsa kuwa wat 1,100.

A wajajen 1840 James Joule ya gano cewa zafin da waya ke fitarwa yana bin gudu sau kansa, sau turjiya. Wato in gudu ya ninka biyu, asara ta ninka huɗu. Doguwar waya kuma turjiyarta ta fi ta gajera.

Wannan lissafi ya shafi Benin kai tsaye. A 1968 Dahome, kamar yadda ake kiran ƙasar a lokacin, ta haɗa hannu da Togo suka kafa hukumar CEB, wadda ta fara sayen wuta daga madatsar Akosombo ta Ghana a farkon shekarun 1970. A 1987 aka ƙara madatsar Nangbeto a kogin Mono. Duk waɗannan suna kudu, nesa da arewa, don haka Paraku ta daɗe tana dogaro da injinan dizal masu tsadar mai. Daga baya aka ja layi daga Kara ta ƙasar Togo, ya bi ta Jugu ya isa Paraku.

Da za a turo wutar gari guda a bolt 220, da gudun ya yi yawan da zai ƙare a matsayin zafi tun a hanya. Saboda haka ake ɗaga matsi sama da ninki 700, gudu ya ragu gwargwadon haka, asara ta yi ƙasa ƙwarai. A bakin gari taransfoma ce ke sauko da matsin mataki-mataki, har ya dace da fitilar ɗalibi da injin niƙa.