BABBAN GWANI DA MASALLACIN ZARIYA: TARIHIN DA KE JIKIN BANGO



Duk wanda ya tashi da kallon finafinan Indiya ya san wuraren bautar nan na mabiya addinin Hindu, masu dogayen hasumiyoyi, waɗanda aka sassaƙe jikinsu tun daga tushe har ƙololuwa. Gine-gine ne na gaske, masu tarihi. A Ellora, cikin jihar Maharashtra, akwai wanda ake kira Kailasa, da aka fafe daga dutse guda a ƙarni na 8. Masassaƙan daga sama suka faro, suna cin dutsen suna gangarowa, har ɗakuna da ginshiƙai da siffofin giwaye suka fito. A garin Thanjavur kuma akwai wanda Sarki Rajaraja na ɗaya ya kammala a 1010, hasumiyarsa ta haura mita 60. Masu addinin suna zuwa ibada, wasu kuwa daga nesa suke tahowa don su ga abin da hannun ɗan Adam ya iya yi da dutse.

Mu namu maginan ba dutse suka samu ba, ƙasa suka samu da itacen giginya. Da su suka yi aikin da masana gine-gine na duniya suka zo suka auna, suka zana, suka rubuta littattafai a kai. Mafi shahara a ciki shi ne tsohon Masallacin Juma'a na birnin Zariya, wanda daga nan Gozaki tafiyar yini ɗaya ce a je a dawo da sauran rana. A kansa za mu tsaya yau, domin abin da ya same shi darasi ne ga duk mai riƙe da alƙalami.

WANE NE YA GINA SHI?

Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Malam Musa ya yi sarautar Zazzau har 1821, Yamusa ya gaje shi har 1834, sannan Abdulkarimu ya hau, ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846. Shi ne tushen gidan Katsinawa a sarautar Zazzau. A zamaninsa aka gina masallacin, kusa da fada. Lokaci ne da shugabannin daular Sakkwato suka mai da hankali ga kafa garuruwa da masallatai, domin masallacin Juma'a shi ne shaidar cewa gari ya zauna da gindinsa, yana da liman da alƙali da mai mulki. Shi ya sa ba ɗakin salla kaɗai aka gina ba. An haɗa da wurin shari'a da zaurukan shiga inda ake alwala, duk cikin katanga ɗaya.

Maginin shi ne Muhammadu Durugu, wanda wasu ke kira Malam Mika'ilu, amma duniya ta fi saninsa da laƙabinsa, Babban Gwani. Har gobe akwai unguwa mai wannan suna a cikin birnin Zariya. Shi ake danganta wa ginin gidan Madakin Bauchi da ke Kafin Madaki, na wajajen 1860, wanda yana cikin gine-ginen farko da gwamnati ta sa a jerin kayan tarihin ƙasa a 1956.

Ruwayar baka ta yi masa ado sosai. Ana cewa da dare yake aikinsa don kada a ga sirrinsa. Ana kuma cewa da ya gama wani masallaci a Birnin Gwari, sai sarkin garin ya sa aka kashe shi, don kada ya je ya yi wa wani sarki wanda ya fi shi. Kafin ka ɗauki wannan ka zuba a rubutunka a matsayin tabbas, ka sani irin labarin yana yawo a duniya. Larabawa suna da na Sinimmar, wanda ya gina wa Sarki Nu'umanu fadar Khawarnaƙ, aka saka masa da jefo shi daga samanta, har abin ya zama karin magana a wurinsu. Mutanen Rasha suna da na maginan wata majami'a a Mosko da aka ce sarki ya makantar. Indiyawa ma suna da na ma'aikatan Taj Mahal da aka ce an yanke wa hannuwa. Duk inda gini ya gagari hankalin mutane, sai a haifa masa irin wannan labari. Amfaninsa gare mu shi ne yana nuna girman da jama'a suka ba aikin. Ka rubuta shi da "an ce", ka bar shekarun sarauta da ginin da ido ya gani su zama ginshiƙinka.

YADDA ƘASA TA TSAYA A SAMA

Na shiga masallacin nan lokacin da nake karatun difloma a Zariya, kafin abin da ya faru a 2023. A lokacin, daga waje ba abin da za ka gani sai ginin zamani na siminti, domin a shekarun 1970 an yi sabon masallaci da ya lulluɓe abin da ya rage na tsohon. Sai ka kutsa ciki sannan za ka ji sanyi ya sauko maka, haske ya ragu, ka ga ginshiƙai masu kaurin da mutum ɗaya ba zai rungume ba. Daga kan kowane ginshiƙi wasu bakuna sun tashi, sun lanƙwasa, sun haɗu da 'yan uwansu can sama. Tambayar da za ta fara zo maka ita ce, me ya riƙe wannan nauyi, ba ƙarfe ba siminti?

Amsar tana cikin azara. Azara tsagin itacen giginya ce, mai tauri, wadda gara ba ta cika yi wa illa ba. Sai dai tana da iyaka: idan faɗin ɗaki ya wuce kimanin mita biyu, azara ɗaya ba za ta ɗauki nauyin rufin ƙasa ba, sai ta lotsa. Wannan ce ta sa ɗakunan soro na talakawa suke da ƙunci. Dabarar da magina suka fito da ita ita ce bakan gizo. Za a dasa azara a jikin bango ko ginshiƙi, ta ɗan leƙo waje. A ɗora wata a kanta, ta fi ta leƙowa, a ɗaure da igiya, a cike da ƙasa, a bari ta bushe. Haka za a riƙa yi daga ɓangarorin biyu, hawa bayan hawa, kowane hawa yana ƙara kwantawa, har su gamu a tsakiya. Idan aka yaɓe, sai ka ga baka guda santala, ba ka ganin itace ko ɗaya. Idan bakuna biyu suka gicciye juna kamar itacen bakin guga, shi ne ɗaurin guga. A kan waɗannan ake shimfiɗa gajerun azara, a tayar da tulluwa, wadda ke sa ruwan sama ya gangara zuwa indararo maimakon ya kwanta.

Bangon kuma da tubali ake yinsa, wato curin ƙasa mai faɗin gindi da tsinin kai, wanda aka busar a rana. Ƙasar sai an kwaɓa ta da ciyawa, an tattaka, an bar ta ta kwana biyu ta ruɓa kafin ta yi danƙo. Ana farawa da kauri a ƙasa, ana ragewa yayin da ake hawa, don gindi ya ɗauki nauyin sama. Daga waje a shafe da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, ko laso, wanda ake haɗawa da katsin marina, don ruwa ya zame. Kaurin bangon nan shi ke tare zafin rana da yini, ya sake shi da dare. Sanyin da na ji a ciki ke nan, ba na'ura ba ce.

Sai ado. A nan ne hanyarmu ta rabu da ta maginan Indiya. Su bangonsu cike yake da siffofin mutane da dabbobi, saboda addininsu ya ginu a kan haka. Maginin masallaci kuwa ba ya siffanta mai rai, don haka gwanintarsa ta koma ga zane. A jikin ginshiƙan Zariya an tono layuka masu zurfi, da da'irori, da masu kusurwa uku, tun ƙasar tana ɗanya, da hannu. Babban Gwani bai cika wurin da kwalliya ba. Ya bar bakunan su yi magana, adon ya bi tsarin ginin, yana jan idonka daga ƙasa zuwa sama. Wannan ma sassaƙa ce, sai dai wuƙarta yatsu ne.

RANAR 11 GA AGUSTA, 2023

Ranar Juma'a ce, ana sallar La'asar, wani sashe na masallacin ya rufta a kan masallata. Aƙalla mutum bakwai suka rasu, wasu da dama suka ji rauni. Allah ya jiƙansu da rahama. Mai martaba Sarkin Zazzau, Ahmed Nuhu Bamalli, ya shaida wa manema labarai cewa an lura da tsagewa a bango kwana ɗaya kafin nan, ana shirin kawo injiniyoyi sai abin ya auku. Daga baya aka kafa gidauniyar sake gina masallacin.

Rai ya fi kowane gini, wannan ba abin musu ba ne. Amma akwai abin lura game da ginin ƙasa gaba ɗaya: rayuwarsa tana hannun masu kula da shi. Yana son yaɓe bayan kowace damina, yana son a share indararo, yana son ido a kan gara da danshi. Dubi Djenne a ƙasar Mali. Masallacinsu na yanzu an gina shi a 1907, kuma duk shekara gari ke fitowa, maza da mata da yara, a yaɓe shi kamar ranar salla. Hasumiyar Agadas mai tsawon mita 27 tana tsaye tun gyaran 1844. A ƙauyen Yaama na jihar Tawa a Nijar, wani magini Bahaushe, Falke Barmu, ya fara masallacin ƙasa a 1962, aikin da ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Ga kuma Gobarau a Katsina. Ashe ƙasa ba ta gaza ba, hannun da ke shafa ta ne ke janyewa.

Wani abin da ya kamata ya tsaya mana a rai shi ne, cikakken awon masallacin Zariya da duniya ke dogaro da shi, wani masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan ne ya jagoranci yinsa, Zbigniew Dmochowski. Ya yi shekaru yana zagaya Najeriya da ma'aikatansa suna aunawa suna zanawa. Ya rasu a 1982, littattafansa uku suka fito a 1990. Da wannan awo aka gina kwafin masallacin a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Wato yau mai son ganin yadda aikin Babban Gwani yake a farkonsa, sai ya nufi Filato, kuma bayanin da zai karanta da Turanci yake.

NAMU AIKIN

Mu dawo gida. Gozaki tsohon gari ne. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman, a littafinsa na tarihin Katsina da ya fito a 1981, ya kawo ta tare da Maska cikin tsofaffin ƙasashen kudancin Katsina. Amma kowa ya san abin da ke faruwa a yankinmu, daga Funtuwa har Malumfashi. Kaka ta yi kyau, an sayar da masara ko waken suya ko auduga, abu na farko shi ne a rushe tsohon zaure a sa bulo da kwano. Ba wanda zai zargi manomi da son ɗakin da ba ya yoyo, kuma azara ta yi tsada tunda giginya ta ragu. Sai dai duk zauren da ya faɗi, yana tafiya da sunan wanda ya gina shi, da shekarar da aka yi shi, da kalmomin sana'ar. Yaro ɗan shekara 15 a yau, ka ce masa zanko ko tulluwa ko ɗaurin guga, sai ya tsaya yana kallonka.

Mu kuma a littattafanmu, jarumi kullum a gidan bene yake, mai tayil da labule har ƙasa, a Abuja ko Dubai. Muna iya cika shafi uku da kwatancen falo, amma zauren kakanmu ba ya samun layi biyu. Ga abin da nake ba da shawara, kuma ba ya cin kuɗi. Ka zaɓi tsohon gini ɗaya a garinku, masallaci ko zauren mai gari ko ragowar ganuwa. Ka nemi izini ka shiga. Ka auna tsawo da faɗi da taku, ka ƙirga ginshiƙai da bakuna, ka taɓa bango ka ji kaurinsa, ka ɗauki hoto da wayarka. Sannan ka nemi dattijon magini ko Sarkin Magina in akwai, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka tambaye shi sunan kowane sashe, da inda ake ɗebo ƙasar, da wanda ya koya masa. Ka rubuta ranar da kuka yi hirar. Abin da ya gani da idonsa ka ware shi daban, abin da ya ji daga magabata ka sa masa "an ce".

Shafi biyu kacal na irin wannan, in an yi shi da gaskiya, wata rana shi ne zai zama abin da ɗalibin tarihi zai nema ya rasa a ko'ina sai a wurinka. Dattawan da suka san aikin nan suna ƙarewa, daminar bana kuma ba za ta jira kowa ba.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya yi wa alƙalumanmu albarka.