Golf 3 da Golf 4: Wace Ce Ta Fi, Kuma a Hannun Wa?

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin titi a Kado, Abuja, da sassafe, wajen kasuwar kifi, yana jiran motar Jabi ko Gwarinpa, ya san har yau Golf 3 ba ta bar hanya ba. Ƙanwarta Golf 4 kuwa an fi ganinta a hannun masu hawan kansu. Wannan rabuwa abin dubawa ce, domin a takarda ƙanwar ta kere wa yayarta ta kusan kowace fuska.

Kamfanin Volkswagen na Jamus ya fito da Golf 3 a 1991, ta zama gwarzuwar motar Turai ta 1992. A 1997 aka maye gurbinta da Golf 4, zamanin shugabancin Ferdinand Piëch, wanda ya so ƙaramar mota ta ɗauki kamalar manya. Tsawonta ya tashi daga mita 4.02 zuwa kusan 4.15, cikinta ya ƙara kyau, ƙara ta ragu, nauyi ya ƙaru. But ɗin kuwa kusan bai canza ba, yana nan wajen lita 330.

Babban abin tinƙahon Golf 4 shi ne bodi. An lulluɓe ƙarfenta gaba ɗaya da sinadarin hana tsatsa, har kamfanin ya ba da lamunin shekara 12. A Jamus, inda ake watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, wannan ya warkar da ciwon da ya fi cin Golf 3. To amma wa ke watsa gishiri a titin Life Camp? Abin da ke kashe mota a nan zafi ne, da ƙura, da ramuka, da gurɓataccen mai, da lodi: huɗu a baya, biyu a gaba, buhu a but an ɗaure murfin da igiya. An yi wa motar maganin cutar da ba ta damun direban Abuja sosai, shi kuma ya biya kuɗin maganin.

Sai batun gyara, kuma nan ne gizo ke saƙar. Yawancin Golf 3 da suka shigo ta Kwatano, kafin a hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa a Janairun 2017, masu injin 1.6 ko 1.8 ne marasa tarkace. Bakanike a Apo zai kafa sukundireba a jikin injin, ya kara kunne a marikinta, ya gaya maka inda ciwon yake. Golf 4 ta zo da ƙarin na'urori da wayoyi. Fitila na kamawa a dashbod sai an nemo mai kwamfuta, wunin direba ya tafi ke nan. Ga ƙananan masifu da aka san ta da su ko a Turai, irin su gilashin ƙofa da robar da ke riƙe shi kan karye, ya sulale ciki. Ga ɗan haya da ke kai balas kullum, ballantana tun bayan cire tallafin mai a 29 ga Mayu, 2023, mota mai kyau ita ce wadda ba ta kwana a gareji.

Sai dai ƙaunar tsohuwa kada ta rufe mana ido. Golf 4 ta fi ƙarfin ƙashi idan aka yi karo, birkinta ya fi, kuma daga 1998 an fara saka mata na'urar hana zamewa. Fasinja ba ya shiga lissafin direba a nan, alhali shi ne ke zaune a kujerar da aka cusa mutum biyu.

Hukuncina: mai iyali da ke da amintaccen bakanike ya ɗauki Golf 4, mai neman na tuwo yana da hujjar riƙe Golf 3. Amma ya sani, ko auta a cikin Golf 3 ta haura shekara 25.