Jami'ar Ahmadu Bello da Amanar Ɗan Talaka

Lokacin da aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, 'yan Arewa da suka samu gurbi a cikinta ba su taka kara sun karya ba. Sardaunan Sakkwato ya lura cewa yankin da ba shi da likitoci da injiniyoyi nasa, mulkin kansa na baki ne kawai. Irin wannan ƙishin ilimi ne ya sa aka kafa wa baƙar fatar Amurka Jami'ar Lincoln a 1854, inda daga baya Azikiwe da Nkrumah suka yi karatu.

Ranar 4 ga Oktoba 1962, Jami'ar Ahmadu Bello ta fara aiki a Zariya da tsangayoyi huɗu da ɗalibai 426. Ta gaji cibiyar binciken noma ta Samaru da makarantar koyon mulki ta Kongo. Norman Alexander ne shugabanta na farko, sannan a 1966 Ishaya Audu ya gaje shi, ɗan ƙasa na farko a kujerar. A 1975 Gwamnatin Tarayya ta karɓe ta.

Ƙasar Katsina ma ta ba da nata rabon. A nan ne Yusufu Bala Usman, ɗan Musawa, ya koyar da tarihi, ya kuma rubuta sauye-sauyen Katsina daga 1400 zuwa 1883 da idon ɗan gida.

Yau ɗan manomin Yashe na iya cin jarrabawar shiga, amma kuɗin rajista ya mayar da shi gona. Muddin haka na faruwa, amanar da Sardauna ya bari ba ta cika ba.