Tarihin Kuɗin Sake Ɗaure Bel a Tsofaffin Motocin Porsche

Bel ɗin taimin shi ne ke haɗa juyin karanshaf da na kamshaf, domin bawul ya buɗe ya rufe daidai lokacin da fistin ke hawa da sauka. A da, sarƙa ko giya ke wannan aiki. Bel mai haƙora ya fara aiki ne a keken ɗinkin Singer cikin shekarun 1940, daga kamfanin Gilmer na Amurka. A 1954 Bill Devin ya sa shi a motarsa ta tsere, sannan kamfanin Glas na Jamus ya fito da shi a motar kasuwa, Glas 1004, a 1962. Zuwa 1966 Pontiac da Fiat sun bi sahu.

Abin da ya ja hankalin masu ƙera motoci a fili yake. Bel bai da ƙara, bai da nauyi, ba ya buƙatar mai, ga arha. Sai dai sarƙa kan daɗe tare da injin, shi kuwa bel roba ne, dole a riƙa canza shi. Wato kuɗin da masana'anta ta yi tsiminsa, mai mota ne zai biya shi daga baya a gareji.

Porsche ta shahara ne da 911, wadda sarƙa ke juya kamshaf ɗinta. Amma a 1977 ta fito da 928 mai silinda 8, da bel guda ɗaya da tsawonsa ya haura mita 2. A 1982 kuma 944 ta biyo baya, mai silinda 4 da lita 2.5, wadda ake harhaɗawa a masana'antar Audi da ke Neckarsulm. Ita bel biyu gare ta: ɗaya na kamshaf, ɗaya na wasu sanduna biyu masu kashe girgizar injin, fasahar da Porsche ta biya Mitsubishi kafin ta yi amfani da ita. Bayan bel ɗin kamshaf ne kuma ke juya famfon ruwa. Babban haɗarin shi ne, a injin 944 bawul da fistin wuri ɗaya suke shiga, lokaci ne kawai ya raba su. Bel na tsinkewa ko ya tsallake haƙora, sai fistin ya daki bawul ya lanƙwasa shi, aikin da ba ya ƙarewa sai an sauke kan injin. Haka abin yake a 928 mai bawul 32 da ta fito a 1985, wadda har fitilar gargaɗi aka sa mata don ta nuna bel ya saki.

Daga nan al'adar komawa gareji karo na biyu ta samo asali. Sabon bel yakan ɗan saki bayan ya zauna a kan haƙoran giya, su kuwa 944 na farko da hannu ake ɗaure su, ba abin da ke cike gurbin sakin. Don haka aka tsara cewa bayan tafiyar kusan mil 1,500 zuwa 2,000 da sa sabon bel, a dawo da motar a auna shi a sake ɗaurewa. Ana awon ne bayan injin ya huce, domin alminiyom ɗin injin na buɗewa idan ya yi zafi, ya ƙara ja wa bel ɗin. Idan ya yi sako-sako zai tsallake. Idan an matse shi da yawa zai riƙa kuka, ya cinye boris ɗin famfon ruwa. Tsakanin biyun tazara ce 'yar ƙarama, shi ya sa Porsche ta ƙera ma'auni na musamman mai lamba 9201. Tsadarsa ta sa ba kowane gareji ke da shi ba. Wasu makanikai suka koma ga ƙaramin ma'aunin nan mai arha da ake kira Krikit, wasu kuma suka dogara da yatsa, suna murɗa bel ɗin su ji ƙarfinsa. A motar da kuskure kaɗan ke kashe injinta, wannan na ƙarshe ganganci ne.

Rigimar kuɗi ta zo ne ta hanyar yadda gareji ke lissafi a Turai da Amurka. Tun shekarun 1920 tsarin ƙayyade lokacin kowane aiki ya bazu a Amurka: littafi ne ke faɗin awa nawa aiki zai ci, sai a ninka da kuɗin awa na garejin. Ɗaure bel kansa minti kaɗan ne, amma kafin a kai gare shi sai an kwance murafu, an jira injin ya huce, an juya shi zuwa alamar taimin, an auna bel biyu, an mayar da komai. Bakanike na ganin wannan aiki ne mai cin awa ɗaya ko fiye. Mai mota kuwa cewa yake ai ƙarashen aikin da ya riga ya biya ne.

Lokacin da motocin ke sababbi, a hannun dillalai, batun bai cika tasowa ba, domin duba bel na cikin jadawalin sabis. Ya yi ƙamari ne bayan sun tsufa, farashinsu ya faɗi, suka koma hannun masu ƙaramin ƙarfi da gareji masu zaman kansu. A lokacin aikin bel da famfon ruwa na iya cin wani babban kaso na darajar motar kanta, sai ƙarin kuɗin dawowa ya zama abin ƙorafi. Garejin da suka ƙware a Porsche da yawa suka ɗauki ɗabi'ar saka kuɗin dawowar cikin farashin farko. Wasu na cajin awa daban, wasu kuma kan gindaya cewa garantin aikin ya faɗi idan ba a dawo da motar a kan kari ba. Hanyar farko ta fi hikima, domin wanda ya riga ya biya ba ya ƙin dawowa, kuma garejin ya tsira daga zargi idan bel ya tsinke.

Masu Ferrari nasu kukan daban ne. A Testarossa, 348 da F355, ƙa'idar kamfani ita ce a sauke injin gaba ɗaya kafin a canza bel. Sai a 360 Modena ta 1999 aka buɗe ƙofa a bayan kujeru, F430 ta 2004 kuma ta koma sarƙa.

A ɓangaren Porsche, injiniyoyi ne suka rage wa al'adar ƙarfi. A 1987 aka sa wa 944 abin ɗaure bel mai sifirin, wanda ya sauƙaƙa saiti amma bai kawar da dubawa ba, domin ana kulle shi ne bayan an saita. Magajiyarta 968 ta zo da na haidirolik mai daidaita bel ɗin kamshaf da kansa. An daina ƙera 968 da 928 a 1995, Boxster da ta fito a 1996 kuwa sarƙa gare ta. Yau sake ɗaure bel bayan mil 2,000 ya rage ne ga masu riƙe da waɗancan tsofaffin motoci, kuma abin da ya fi musu shi ne a rubuta kuɗin dawowar a takardar aiki tun kafin a kwance ƙusa ta farko.