Yadda Aka Gano Da'irar Lantarki

Wutar lantarki ba ta gudana sai tana da hanyar dawowa. Takan fito ta baki ɗaya na batir, ta bi waya, ta ratsa ƙwan fitila, sannan ta koma ta ɗaya bakin. Wannan zagaye shi ake kira da'irar lantarki, makunni kuwa wuri ne da ake yanke hanyar a kuma haɗa ta.

Kafin shekarar 1800 masana ba su san wuta mai gudana ba, sai tartsatsi da ake tarawa a cikin kwalba, ya yi walƙiya sau ɗaya ya mutu. A 1791 Luigi Galvani, likita a birnin Bolonya na Italiya, ya bayyana cewa ƙafar mataccen kwaɗo na zabura idan aka taɓa ta da ƙarafa iri biyu da ke haɗe. Shi a ganinsa wutar daga jikin dabbar take. Alessandro Volta na jami'ar Pavia bai yarda ba, ya ce sirrin yana ga ƙarafan da damshin da ke tsakaninsu. Don ya tabbatar, sai ya jera faya-fayan tutiya da jan ƙarfe, ya riƙa raba su da kwali da aka jiƙa da ruwan gishiri. Da ya haɗa sama da ƙasa da waya, wuta ta yi ta gudana, da ya cire kuma ta tsaya. Batir na farko ke nan, a 1800.

Saura ma'auni. A 1820 Hans Christian Oersted na Denmark ya lura allurar kamfas na karkata idan tana kusa da waya mai wuta, gwargwadon karkatar kuma na nuna yawan wutar. Wannan ya ba Georg Ohm, malamin makaranta a Kolon ta Jamus, abin aiki. Ya gwada wayoyi masu tsawo da kauri daban-daban, ya gano cewa doguwar waya siririya ta fi gajeriya mai kauri tirjiya, kuma yawan wutar da ke wucewa shi ne ƙarfin turi a raba da tirjiyar. Batir mai bolt 12 a kan tirjiyar om 6 zai ba da amfiya 2. Littafinsa ya fito a 1827, manyan malaman ƙasarsa suka yi masa riƙon sakainar kashi, sai a 1841 masanan Landan suka karrama shi. A 1845 Gustav Kirchhoff, yana ɗalibi, ya ƙara cewa duk wutar da ta shiga mahaɗar wayoyi ita ce ke fita, babu ragi babu ƙari.

Masu tangarahu ne suka fara cin moriyar ilimin. A 1838 Carl von Steinheil ya gano ƙasa da kanta na iya zama hanyar dawowa, aka huta da ja waya ta biyu.

Fitilun titi masu lantarki na farko a jere ake haɗa su kamar ƴaƴan carbi, wuta ta bi wannan ta shiga wancan, in hanya ta yanke a wuri ɗaya duk layin ya yi duhu. Wannan ba zai yi wa gidaje ba. Thomas Edison ya ba kowane ƙwai reshensa tsakanin manyan wayoyi biyu, ta yadda mai gida zai kashe nasa na maƙwabci na ci. Ya kuma nema wa ƙwan zare mai tirjiya sosai don wutar da ake ja ta ragu, a samu sauƙin kuɗin jan ƙarfen wayoyi. Da wannan tsari tasharsa ta titin Pearl a New York ta fara aiki ran 4 ga Satumba 1882.

Haɗarin tsarin shi ne wayoyin biyu su taɓa juna. Tirjiya sai ta faɗi, wuta ta yi yawa, waya ta yi zafi har ta kama. Shi ya sa ake sa fis, ƴar siririyar waya da ke narkewa ta yanke hanyar tun kafin sauran su ƙone.